Ranar da Inno Ta Ƙi Raba Faɗa

A Tudun Ɗorawa, wani ƙauye da ke gefen hanyar Bakori zuwa Danja, faɗa ba ya tsufa. Ba wai mutanen garin sun fi sauran bayin Allah haƙuri ba ne. Suna da zuciyarsu daidai gwargwado, akwai ma masu bakin da in suka buɗe shi sai ka toshe wa yara kunne. Abin da ya hana faɗa tsufa a garin, Inno ce.

Tsohuwa ce 'yar firit, Bafillatana da ta auri manomi, don haka tana da dangi a ruga tana da su a cikin gari, kowa nata ne. Da ta ji an ɗaga murya, ko tuwo take tuƙawa sai ta jingine muciya ta ja mayafi ta fita, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ba ta tsayawa tambayar wa ke da gaskiya. Tsakiya take faɗawa, ta kama wannan ta kama wancan, ta jero musu sunayen kakanninsu har kunya ta kashe wutar. Har tsokanarta ake yi wai zakarun unguwa in za su kara sai sun zagaya bayan rumbu.

Jikarta Shafa'atu, wadda ta tashi a ɗakinta, ita ce malamar Hausa a firamaren garin. Tsakaninsu sai wasa da tsokana, Inno ba ta kiranta da komai sai "ƙawata". A kwaleji Shafa'atu ta ɗanɗana wasan kwaikwayo, ya shiga ranta ya ƙi fita. Da aka kawar da masara ana jiran dawa ta ƙarasa bushewa, samari suka sami sarari, sai ta tara 'yan kaɗan daga cikinsu a wani aji da babu kowa, bayan la'asar, ta ce za su yi wasan da ta rubuta da hannunta.

Labarin ba shi da wuya. Wani manomi ne ya ari san huɗa wurin maƙwabcinsa makiyayi, ya mayar da shi yana ɗingishi, ya kuma kafe a kan haka ya karɓe shi. Mudi mai facin taya, wanda bakinsa bai san hutu ba, shi ta ba manomi. Manu, wani ɗan ruga mai sanyin magana, shi ne makiyayi. Mahadi tela, da yake Allah Ya ba shi tumbi da murya, ya zama Mai gari mai yin sulhu a ƙarshe. Shi kuwa Mansur, ƙato ne mai ƙarfi amma ba ya iya riƙe magana biyu a kansa, sai aka lulluɓe shi da buhu aka ɗaura masa ƙaho, ya zama sa.

Ranar farko ta zo da igiyar ɗaure awaki ta miƙar da ita a kan tebur.

"Ku duba nan," ta ce. "Wasa kamar igiyar nan yake. Da farko shimfiɗa, a nuna wa mutane su wane ne ku, kuna zaune lafiya. Sai a yi ƙulli, wato san nan ya dawo da ɗingishi. Sai a yi ta jan ƙullin, wannan ya ja wancan ya ja, har ya kai inda ba zai ƙara tsananta ba. Nan ne ƙololuwa. Daga nan sai warwara, Mai gari ya shigo ya kwance. In aka kwance da wuri mai kallo bai ji komai ba. In kuma aka ƙi kwancewa, an tura mutane gida da nauyi a ƙirji."

Mudi ya ce shi dai a bar masa wurin jan, ya iya. Kowa ya ce ba a musu.

Ana cikin gwaji wata rana, an kai daidai wurin da Mudi ke kiran Manu maƙaryaci da iyakar muryarsa, sai Mai unguwa Alhaji Abdulmutallib ya zo wucewa. Ya tsaya a bakin taga fuska a murtuke, ya sa aka kira masa Shafa'atu.

"Malama, mi nike ji haka? Garin nan manomi da makiyayi rijiya ɗaya suke sha. Kin san abin da ke faruwa a wasu wurare. Ba ni son a tada mini abin da ke kwance da sunan wasa."

"Ranka ya daɗe, tsakiyar ka ji," ta ce tana durƙushe. "Ba ka ji farko ba, ba ka ji ƙarshe ba. Ƙarshen ne dalilin yin wasan gaba ɗaya."

Ya daɗe yana shafa gemu. Daga baya ya ce to, a yi shi ranar Asabar ta sama a filin makaranta, a gayyaci gari da ruga. In mutane suka tashi suna dariya suna gaisawa, ajin ya zama nasu, su yi ta wasanninsu. In kuwa aka tashi ana harara, to an yi na farko an yi na ƙarshe.

Shafa'atu ba ta ji tsoro ba, don ta san warwarar da ta rubuta mai kyau ce. Matsalar ita ce har yanzu ba su taɓa kai wa gare ta ba. Gidan Inno na bayan makarantar. Duk ranar da aka fara jan ƙulli, Mudi ya ɗaga murya, kafin Mahadi ya gama gyara rawani sai ga ta a ƙofar aji da takalmi a hannu.

"Kai, kai, kai! Ku bari! Mudi, ɗan Shitu, ba ka jin kunya?"

"Inno, wasa ne fa!"

"Na sani wasa ne, ƙawata. Shaiɗan ne bai sani ba."

Da farko dariya ake yi har da riƙe ciki. Mahadi ya ce shi tun da aka naɗa shi bai yanke hukunci ko ɗaya ba, kullum Inno na yi masa juyin mulki. Aka gwada rufe ƙofa, ta leƙo ta taga. Aka gwada yin faɗan da ƙaramar murya, Mudi ya ce shi bai iya zagi da raɗa ba. Mai hali dai ba ya fasa halinsa.

Da Asabar ta matso, dariyar ta ƙare wa Shafa'atu. Ranar gwajin ƙarshe, Inno na shigowa, sai ranta ya ɓaci, bakinta ya riga hankalinta.

"Haba Inno! Don Allah ki bar ni in yi aikina. Ba ko'ina ake nemanki ba. Kullum sai kin ɓata mini wasa!"

Mansur ya leƙo daga ƙarƙashin buhu ya koma. Inno ta dubi jikarta, ta sunkuya a hankali ta sa takalmin da ke hannunta.

"To, Malama. Na yi miki alkawari. Ran Asabar ko cinye juna za su yi ba ni motsawa. In kin ga na tashi, ke kika tashe ni da bakinki."

Ta juya ta fita. A ranar suka kai ƙarshen wasan karon farko, Mahadi ya yi sulhunsa da murya mai daɗi, amma Shafa'atu ba ta ji daɗin komai ba. A gida Inno ta dama mata fura kamar kullum, ta ajiye mata, sai dai "Malama" take ce mata. Malama ga furarki. Malama a rufe kaji. Kalmar ta fi mari zafi. Shafa'atu ta so ta ba da haƙuri, girman kai ya ce mata ta bari sai an gama wasa.

Asabar bayan la'asar filin makaranta ya cika. Maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, mata suka yi gefe guda, mutanen ruga suka jeru a tsaye sun jingina da sandunansu. Aka kawo wa Mai unguwa kujerar hedimasta. Labulen kuwa zannuwan gado ne aka ɗaure tsakanin itatuwa biyu. Inno na sahun gaba cikin mata, da carbi a hannu, ta miƙe ƙafafu kamar wadda ta zo jin wa'azi.

Shimfiɗa ta tafi lafiya lau. Mudi da Manu suka gaisa, suka sha fura a ƙwarya ɗaya, aka ari sa. Da Mansur ya fito da rarrafe yana kaɗa ƙaho yana kukan shanu, har dattawa sai da suka yi dariya. Da ya dawo yana ɗingishi, yana waiwayen Mudi da idon tuhuma, wata mata ta ce, "Wayyo, bawan Allah!" Ƙulli ya ƙullu. Shafa'atu na bayan labule tana leƙe, zuciyarta fari ƙal.

Ana wata ga wata. Mahadi na tsaye kusa da ita cikin babbar riga da rawani yana jiran lokacinsa, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya kara a kunne, fuskarsa ta sauya. Matarsa Ummukulsum ce naƙuda ta kama, ungozoma ta ce a kai ta asibiti yanzu yanzu. Ya warware rawanin ya danƙa wa Shafa'atu a hannu.

"Malama, ki yafe ni."

"Yi sauri, Allah Ya sauke ta lafiya!"

Sai da ta ji tashin babur ɗinsa sannan ta dubi rawanin da ke hannunta. Babu Mai gari. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle ana tsakiyar tafiyar. Mansur na can cikin buhu. Ita kuma mace ce, ba ta yadda za ta naɗa rawani ta fito a gaban Mai unguwa na gaske.

A fili kuwa an kai ƙololuwa. Mudi ya cakumi rigar Manu, Manu ya ɗaga sanda, suka faɗi maganar da ke kiran Mahadi.

"Sai dai Mai gari ya raba mu!"

Suka dubi labule. Labule bai motsa ba.

"Na ce," in ji Mudi da ƙarfi, "sai dai Mai gari ya raba mu!"

Shiru. Wani yaro ya ce halan Mai gari ya tafi kasuwa, aka yi dariya. To, Mudi ba mutumin da za a bar wa fili ba ne. Da zagin da aka rubuta masa ya ƙare, sai ya buɗe nasa buhun. Ya taɓa ƙafafun Manu, ya ce kamar sillen kara. Ya taɓa malafarsa. Manu mai sanyi ya fara ɗumi, ya ce ai gara ƙafafunsa, suna kai shi Danja, facin da Mudi ya yi masa kuwa ko ƙofar gari bai kai ba. Wannan ba ta cikin wasa, kuma gaskiya ce, shi ya sa ta yi wa Mudi zafi. Mansur ya gaji da rarrafe ya zauna a kan gindinsa yana kallonsu, ƙaho a karkace.

"Ai dama ku mutanen daji ba ku san mutunci ba!" in ji Mudi.

Dariya ta tsaya cak. Mutanen ruga suka daina jingina da sanduna, suka miƙe sosai. Mai unguwa ya gyara zama, ya dubi labule da irin kallon da ya yi a bakin taga. Sannan garin gaba ɗaya, maza da mata, manya da yara, suka yi abin da suka saba yi tun suna ƙanana in faɗa ya yi zafi. Suka juya suka dubi Inno.

Inno na zaune. Ta damƙe haɓar zaninta da hannu, babban yatsan ƙafarta na tonon ƙasa. Idonta na kan tabarma.

"Inno, ba ki ji?" wata ta taɓa ta.

"Ina ji. Na yi alkawari."

Shafa'atu ta leƙo ta gefen labule tana yafito ta da hannu. Inno ta ga hannun sarai, ta ɗaga kai tana kallon wata shirwa a sama. Alkawari kaya ne, kuma tsohuwar ta ɗauke shi da gaske. Ta ce da baki, to sai da baki.

Shafa'atu ta ji kunya ta rufe ta, ta ji tsoro, ta kuma ji wata dariya mai ɗaci na neman kubce mata. Ita da ta koya wa mutane cewa ƙulli in ya kai maƙura dole a kwance, ga nata ƙullin ta bar shi kwana da kwanaki. Ta ɗaga labule ta fito, rawani a hannu, ta ratsa gefen masu faɗa, ta je gaban kakarta ta durƙusa har ƙasa.

"Inno, na tuba. Bakina ne ya zaunar da ke, ga shi ya zo ya tashe ki. Ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfina."

Inno ta sauko da idonta daga kan shirwa. "Ashe ana nemana a nan?"

"Ana nemanki, Inno."

"Wa ke nemana? Malama?"

"Ƙawarki ce."

Ashe tuni Inno ta zare takalmi ɗaya. Kafin Shafa'atu ta miƙe, tsohuwar ta isa tsakiyar fili. Jama'a suka ɗauka duk cikin wasan ne, suka sa ihu da tafi. Ta cakumi wuyan rigar Mudi da hannu ɗaya, ta dungure Manu da takalmin.

"Kai Mudi, ɗan Shitu, jikan Tsohuwa mai daddawa! Wa kake kira mutumin daji? Shekarar da uwarka ta kwanta ciwo kana jariri kana tsala ihu, wa ya shayar da kai? Ni na goya ka a bayan nan nawa na kai ka ruga wurin Hajjo, uwar wannan da ka cakuma. Kai a dama, shi a hagu. Kuma ka fi shi zari, har ture shi kake yi!"

Filin ya ɗauka da dariya. Hajjo na can cikin mata, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Wata tsohuwa ta ce, "Awo, an yi haka, ina nan!" Mudi ya saki rigar Manu. Ya san labarin, an sha ba shi yana yaro, amma ya daɗe bai tuna ba, kuma bai taɓa jin sa a gaban Hajjo ba. Karon farko a tarihin Tudun Ɗorawa bakinsa ya buɗe magana ta ƙi fitowa.

"Kai kuma Manu," ta juya, "sa ya fi ɗan'uwa? Ƙafar sa tana warkewa. Aje sandar nan kafin in karɓa in gwada ta a kanka. Mudi, harawar wakenka ta bana, ka kai wa san nan har ya miƙe. Manu, damina in ta zo ka ba shi aro, kuma ka bi shi gonar ka ga yadda yake riƙe shi. Na gama. Akwai mai magana?"

Babu. Ta taka wurin Mansur, ta kama ƙafarsa ta jujjuya, ta ɗaka masa takalmi a baya. "Tashi, rago! Lafiyarka lau." Mansur, wanda ba a taɓa yaba wa da saurin fahimta ba, ya zabura ya yi tsalle ya saki kukan sa mai ƙarfi, ya zagaye fili da gudu babu ɗingishi. Yara suka bi shi. Mutanen ruga suka koma kan sandunansu, wasu dariya ta sa sun durƙusa.

Mudi ya kama hannun Manu da hannu biyu, idonsa ya yi ja. "Ka yafe ni, ƙanena. Bakina ne."

"Na yafe. Amma wane ne ƙanenka? Na girme ka da wata guda."

"Ƙarya ne!"

Inno ta ɗaga takalmi. Suka rungume juna da sauri, mata suka rangaɗa guɗa.

Mai unguwa na share hawaye da hannun riga lokacin da ya kira Shafa'atu. A bayansa ana ta musabaha, wani dattijon ruga ya riƙe hannun Shitu, mahaifin Mudi, ya ƙi saki.

"Ɗiyata, wannan ita ce warwarar da kike faɗi?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Lalle ƙarshen ya fi tsakiyar. Durƙuson nan naki fa, shi ma a rubuce yake?"

Shafa'atu ta sunkuyar da kai. Inno ce ta amsa daga gefe tana sa takalminta. "A'a Alhaji, wannan tsakaninmu ne."

Ya yi dariya ya ce ajin ya zama nasu, amma wasa na gaba a sa shi kusa da Inno, don ya ga alamar wurin ya fi ko'ina tsaro. Ana naɗe tabarmi sai ga wayar Mahadi. Ummukulsum ta sauka lafiya, an sami mace. Ya tambaya yaya aka yi da sarautarsa, Mudi ya ce masa ya yi haƙuri, an sake yi masa juyin mulki, wannan karon da yardar jama'a.

Suna tafiya gida ta bayan makaranta, Shafa'atu na rungume da zannuwan gado, Inno na gaba tana mita.

"Kin bar faɗan nan ya yi tsawo."

"Ai sai ƙulli ya tsananta ake kwancewa, Inno. Haka tsarin yake."

"Tsarinku na wahalar da tsofaffi. To wasa na gaba a ina zan shigo?"

"A ƙarshe. Sai na kira ki."

Inno ta tsaya a ƙofar gida. Ta kwance haɓar zaninta, ta kamo hannun jikarta ta juye mata wani abu a tafi. 'Ya'yan carbi ne, a warwatse. Zaren ya tsinke tun lokacin da Mudi ya ce mutanen daji, ta tattara su a zani ta ci gaba da zama.

Shafa'atu ta dube su, ta dubi tsohuwar, idonta ya cika da ƙwalla tana dariya.

"Ki nemo zare mai ƙarfi ki shirya mini shi, ƙawata," in ji Inno tana shiga zaure. "Kuma ki riƙa kira da wuri."